Filin Tambaya da Amsa: Rumfar Zaɓe da Zaɓen Ƙananan Hukumomi

Wasiƙun wannan fitowar sun haɗu a kan abu guda, wato wahalar da mai jefa ƙuri'a yake sha kafin ya kai ga akwati, musamman a zaɓen ciyamomi da kansiloli. Mun ɗauki huɗu daga cikinsu mun taƙaita, kuma mun sakaya sunayen masu su da na garuruwansu kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi rajistar katin zaɓe tun ina zaune a cikin gari, daga baya na gina gida a wata sabuwar unguwa ta bayan gari na tare da iyalina. Unguwar tamu ta cika ta batse, har da masallacin Juma'a da kasuwar yamma, amma babu rumfar zaɓe ko ɗaya. Ranar zaɓe kuma ana hana zirga-zirgar ababen hawa, don haka duk mai son dangwala ƙuri'a sai ya taka a ƙasa zuwa tsohuwar unguwarsa. A zaɓen ƙananan hukumomi da ya wuce ni kaɗai na je daga gidana, domin mai ɗakina da mahaifiyata ba za su iya tafiyar ba. Wa za mu kai wa kukanmu, hukumar zaɓe ta jiha ko ta ƙasa? (Daga wani malamin makaranta)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kukanku na hukumar zaɓe ta ƙasa ne, wato INEC, duk da cewa hukumar zaɓe ta jiha ce take gudanar da zaɓen da kake magana a kai. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, kuma ruɗanin yana sa su ɓata lokaci a ofishin da ba shi da ikon biya musu buƙata. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa INEC alhakin yi wa masu zaɓe rajista da adana kundin sunayensu, kuma Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2026, ta ɗora mata kafa isassun rumfuna a kowace mazaɓa tare da raba musu masu zaɓe. Hukumar jiha tana karɓar wannan kundi ne daga INEC ta yi aiki da shi, saboda haka rumfar da sunanka yake a zaɓen shugaban ƙasa ita ce rumfarka a zaɓen kansila.

Abin da ya sami unguwarku ya daɗe yana damun ƙasar nan. A shekarar 1996 aka tsara rumfunan zaɓe kusan 120,000, a lokacin da masu rajista ba su wuce miliyan 50 ba, kuma da su aka ci gaba da aiki har tsawon shekara 25, alhali garuruwa suna ta faɗaɗa, gonakin bayan gari suna komawa unguwanni. A 2014, zamanin Farfesa Attahiru Jega, hukumar ta yi yunƙurin ƙara rumfuna sama da 30,000, sai aka mayar da lamarin rigimar Kudu da Arewa saboda kaso mafi yawa ya faɗo wa Arewa, har aka jingine shirin. Dabarar da aka riƙa yi ita ce a raba rumfar da ta yi cunkoso zuwa ƙananan wuraren jefa ƙuri'a a haraba ɗaya, abin da ya rage tsawon layi amma bai rage wa kowa nisan tafiya ba. Sai a watan Yunin 2021, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, aka mayar da irin waɗannan wurare 56,872 cikakkun rumfuna, jimillar ta tashi daga 119,974 zuwa 176,846. A lokaci guda aka ɗauke rumfuna 749 daga wuraren da ba su dace ba, ciki har da 232 daga gidaje da filayen mutane da 145 daga fadojin masu sarauta, da wasu daga wuraren ibada.

To, amma ƙirƙirar rumfa a takarda daban, cika ta da masu zaɓe kuma daban. Jama'a da yawa ba su nemi a mayar da su sababbin rumfunan ba, wasu ma ba su san an kafa su ba, har ta kai gab da zaɓen 2023 hukumar ta bayyana cewa rumfuna 240 ba su da mai rajista ko ɗaya, don haka ba a yi zaɓe a cikinsu ba. A gari ɗaya sai ka ga rumfa mai mutum fiye da dubu ana tsaye a rana har La'asar, kusa da ita kuma wata malaman zaɓenta suna zaune babu kowa a gabansu. Saboda haka abu na farko da zan ba ka shawara shi ne ka je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ka nemi jerin rumfunan mazaɓar da unguwarku take ciki, domin mai yiwuwa akwai wata sabuwa kusa da ku da ba ku sani ba. Idan akwai, kai da mai ɗakinka da Hajiya ku nemi a sauya muku rumfa a lokacin da aka buɗe rajista. Dokar 2022 ta ce a miƙa wannan buƙata aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, kuma wanda ya bari sai an buga gangar siyasa yakan tarar an rufe.

Idan kuwa babu rumfa a kusa, wasiƙar mutum ɗaya ba ta cika tasiri ba. Ku haɗu da mai unguwa da limamai da ƙungiyar ci gaban unguwa da shugabannin mata ku rubuta takarda ɗaya zuwa ga Kwamishinan INEC na jiha ta hannun baturen zaɓe na ƙaramar hukuma. Ku bayyana adadin masu katin zaɓe da kuka ƙirga gida-gida, da nisan rumfa mafi kusa, da abin da ke tsakani idan akwai kwari ko babban titi ko layin dogo, sannan ku ambaci wurin da kuke ganin ya dace, kamar firamare ta gwamnati ko filin unguwa. Kada ku ba da shawarar ƙofar gidan wani attajiri ko ɗan siyasa komai kirkinsa, domin daga irin waɗannan wurare ne aka ɗauke rumfuna a 2021. Ku karɓi shaidar cewa an amshi takardar, kuma ku aika kwafi ga hukumar jiha, tun da tsarin mulki ya ba ta hurumin ba INEC shawara a kan kundin masu zaɓe gwargwadon yadda ya shafi ƙananan hukumomi.

Tambaya: Mahaifina yana amfani da keken guragu tun bayan shanyewar ɓarin jiki da ya yi, amma bai taɓa yarda zaɓe ya wuce shi ba. Rumfarmu tana kan barandar wata makaranta mai matakala uku, kuma sai an tsallaka kwata kafin a shiga harabar. Samari ne suke ɗaga shi da kekensa, abin da yake sa shi jin nauyi ƙwarai a gaban jama'a. Wata maƙwabciyarmu makauniya kuma ta daina zuwa, domin ta ce wanda ya riƙe mata hannu a wancan karon ba ta san inda ya dangwala mata ba. Shin doka ta ce wani abu a kan irin waɗannan? (Daga wata matar aure)

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kuma saka miki da alheri, Malama. Doka ta yi magana, kuma ta yi ta a fili. Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ba makaho ko mai wata naƙasa damar zuwa da mutumin da shi da kansa ya zaɓa domin ya taimaka masa, ba wanda wakilin jam'iyya ko wani ɗan sa-kai ya tura masa ba. Da maƙwabciyarki ta san haka, da ta zo da 'yarta ko jikanta wanda ta amince da shi, ta sanar da shugaban rumfa, a bar su su shiga tare. Wannan sashe ya kuma umarci hukuma ta tanadi kayan taimako, kuma a zaɓukan da INEC take gudanarwa akwai allon rubutun makafi da ake ɗorawa a kan takardar ƙuri'a, da madubin ƙara girman rubutu domin zabiya da masu raunin gani, da rubutaccen bayani da ake mannawa domin kurame. Ƙa'idojin hukumar sun kuma ce a fara sallamar tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo da naƙasassu kafin sauran jama'a, kuma doka ta amince a raba layin maza da na mata a inda al'ada ba ta yarda da cakuɗuwa ba.

Game da baranda da kwata, akwai dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya cika a farkon 2024. Sai dai ba sai an jira an yi wa makarantar gini ba kafin Baba ya yi zaɓe cikin mutunci. Teburin malaman zaɓe da akwati da ɗan shingen sirri duk abubuwa ne da ake ɗauka da hannu, kuma babu abin da ya hana a sauko da su ƙasa, a gindin bishiya ko a inuwar aji, a daidai wurin da keke zai iya kaiwa. Yawanci 'yan bautar ƙasa da sauran ma'aikatan wucin gadi suna hawa baranda ne saboda inuwa da gudun turereniya, ba don wata manufa ba, kuma idan dattawan unguwa suka same su da sassafe kafin su shimfiɗa kaya suka yi musu bayani cikin ladabi, sukan amince. Kwatar kuma aikin gayya na yini ɗaya ya isa a ɗora mata faffaɗan katako mai ƙarfi ko murfin siminti, kuma ɗaliban makarantar ma za su amfana.

Abin da ya fi damuna shi ne irin waɗannan tanade-tanade ba a cika ganinsu a zaɓen ƙananan hukumomi ba, kamar dai haƙƙin naƙasasshe yana ƙarewa ne a zaɓen gwamna. Sashe na 150 na dokar ta 2022 ya ce tsarin da INEC take bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja shi ne ya hau kan hukumomin jihohi, saboda haka ƙungiyoyin makafi da guragu da kurame da kutare, tare da sarakunansu, suna da hujjar zuwa hukumar jiha tun ana saura watanni su tambayi abin da aka tanadar musu, su kuma nemi a sa batunsu a cikin horon da ake ba malaman zaɓe.

Tambaya: 'Yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu, yanzu muna zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu a gidajen 'yan uwa wasu a makaranta. Katunanmu na rumfar ƙauye ne. Shin mun rasa damar zaɓen kansilanmu ke nan? (Daga wani manomi)

Amsa: Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya, Malam. Ba ku rasa ba. Sashe na 24 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya wajabta a yi iya ƙoƙari kada waɗanda wani bala'i ya raba da muhallinsu su rasa damar zaɓe, kuma tun a 2015 INEC ta kafa wa 'yan gudun hijira wuraren jefa ƙuri'a a Borno da Yobe da Adamawa. Tun da kuna cikin ƙaramar hukumarku, abin da za ku nema shi ne a kawo akwatin rumfarku da kundin sunayenta wani amintaccen wuri a cikin gari, ku zaɓi kansilan mazaɓarku da ciyaman a nan. Dagacinku ya rubuta wa hukumar jiha tun da wuri, a sanar da duk jam'iyyu da jami'an tsaro wurin da aka tsayar, a kuma yi shela a rediyo da masallatai. Ku dage a kan wannan shelar, domin akwatin ƙauyen da babu kowa a cikinsa, idan aka ɗauke shi a ɓoye, shi ne mafi sauƙin cikawa da ƙuri'un da ba masu su ne suka dangwala ba.

Tambaya: Na tsaya wa jam'iyyarmu wakili a rumfa a zaɓen ƙananan hukumomi. Mun hallara tun bayan sallar Asuba, kayan zaɓe ba su iso ba sai bayan Azahar, kuma da suka zo babu takardar rubuta sakamako a ciki. Malamin zaɓe ya ce a can wurin tattarawa za a rubuta. Da dare muka ji sakamako a rediyo. Ni yanzu ina ganin a rushe hukumomin zaɓe na jihohi a miƙa wa INEC aikin kawai. Mene ne ra'ayinku? (Daga wani matashi)

Amsa: Ƙanena, abin da ka gani ya fi nisan rumfa da tsawon layi illa, domin mutum zai jure tafiya da rana idan ya san za a ƙirga ƙuri'arsa, amma idan ya tabbata ba za a ƙirga ba, ko a ƙofar ɗakinsa aka ajiye akwati ba zai fito ba. Sashe na 7 na tsarin mulki ya lamunce wa ƙananan hukumomi shugabanci ta hanyar zaɓe, sashe na 197 kuma ya kafa wa kowace jiha hukumar zaɓenta, mai shugaba da mambobi biyar zuwa bakwai. Gwamna ne yake naɗa su, majalisar jiha ta tabbatar, kuma daga hannun gwamnatin jiha kuɗin aikinsu yake fitowa, saɓanin INEC wadda tun gyaran tsarin mulki na 2010 ake cire kuɗinta kai tsaye daga asusun gwamnatin tarayya. Hukumar da take jiran a sakar mata kuɗin buga ƙuri'a da hayar motoci daga hannun wanda jam'iyyarsa take takara, da wuya ta iya yi masa musu.

Sakamakon da aka riƙa gani ya nuna haka. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya haramta naɗa kantomomi ya kuma ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, jihohi sun yi ta gudanar da zaɓe a gurguje. A Bauci PDP ta lashe kujerun ciyaman 20 duka, a Kaduna APC ta lashe 23 duka, a Kano kuma NNPP ta lashe 44 duka tare da kansiloli 484. Jam'iyyu uku ne daban-daban, amma kowacce ita ce mai mulkin jiharta a lokacin, saboda haka ba halin wata jam'iyya ɗaya ba ne, kuma wanda ya yi kuka a wannan jiha shi ne ake kuka da shi a waccan. A Abuja kuwa, inda INEC take gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida, zaɓen Fabrairun 2022 ya ƙare ne da uku ga APC uku ga PDP.

Saboda haka ra'ayinka yana da hujja, kuma ba kai ka fara shi ba, domin kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa, ya ba da shawara tun a 2008 a shigar da hukumomin jihohi cikin tsarin INEC. Ni ma na fi karkata ga a raba gwamna da wannan aiki. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata ka riƙe. INEC kanta ta sha makara da kaya a babban zaɓe, kuma ɗora mata ƙananan hukumomi 768 da dubban mazaɓun kansila ba tare da ƙarin kuɗi da ma'aikata ba zai iya mayar da makarar da ka gani ta ƙasa baki ɗaya. Na biyu, sauya wannan tsari gyaran tsarin mulki ne, wanda yake buƙatar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24, kuma kowa ya san wanda majalisun jihohi suke saurare. Idan muka ce ba za a gyara komai ba sai ranar da aka yi wannan, za a yi zaɓuka da dama a yadda ka gani.

Hukumar jiha tana iya yin abin kirki idan an bar ta. Kaduna ta gwada na'urar jefa ƙuri'a a 2018 da 2021, kuma a zaɓukan biyu 'yan adawa sun ci wasu ƙananan hukumomi, har a 2021 jam'iyyar gwamnan wancan lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ta sha kaye a rumfarsa ta Unguwar Sarki. An yi ƙorafe-ƙorafe a kan na'urorin, kuma a 2024 jihar ta koma ƙuri'ar takarda, amma gwajin ya nuna cewa sakamakon da aka fitar a gaban jama'a a rumfa yana da wuyar sauyawa a hanya. Kotu ma ta fara nuna cewa sashe na 150 ba ado ba ne, domin a ranar 28 ga Fabrairun 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen ƙananan hukumomin Jihar Ribas na Oktoban 2024 saboda saɓa wa Dokar Zaɓe.

Abin da majalisar jiha za ta iya yi a zama ɗaya, idan jama'a suka matsa mata, shi ne ta tsayar da wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi da lokacin zaɓe a cikin doka yadda ba sai gwamna ya ga dama ba, ta kuma wajabta a saki kuɗin hukumar tun ana saura watanni. Makarar kaya kuma tana da magani sananne, wanda INEC take amfani da shi: a kai kaya da ma'aikata cibiyar mazaɓa tun ranar jajibiri su kwana a can, a kammala yarjejeniya da direbobi a biya su kafin alƙalami, yadda da gari ya waye tafiyar da ta rage ba ta wuce daga mazaɓa zuwa rumfa ba.

Kai kuma a matsayinka na wakili, a karo na gaba ka nemi a nuna muku takardar sakamako kafin a jefa ƙuri'a ta farko, kuma ku haɗa baki da wakilan sauran jam'iyyu a kan haka, domin buƙatar ta kowa ce. Idan babu ita, ku rubuta lokacin da kaya suka iso da abin da babu a ciki, duk wakilai su sa hannu, ku sanar da baturen zaɓe da jam'iyyunku nan take ba tare da hayaniya ko taɓa akwati ba. Idan akwai ta, a ƙirga ƙuri'u da babbar murya a wurin, a rubuta, ku sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, a manna ɗaya a bango, ku ɗauki hotonta da waya. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓen ƙananan hukumomi da wannan takarda take aiki, kuma wa'adin shigar da ƙara gajere ne, don haka ka miƙa wa lauyan jam'iyyarku kwafinka da hotunan a daren ranar.